Shin Ko Kun San? Hanyar Zama Matuƙin Jirgin Sama Daga Kudancin Kaduna

A Kujama, ko Kachia, ko Zonkwa, ko Kafanchan, idan aka tambayi yara abin da suke son zama, ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce matuƙin jirgin sama. Manya sukan ce Allah ya ba da sa'a, amma a ransu suna ganin aikin na 'ya'yan wasu ne. Shafinmu na wannan mako ya tattaro abin da ya kamata yaro da iyayensa su sani tun da wuri: sharuɗɗan shiga, da nauyin kuɗi, da gogayyar da ke jiran mutum bayan ya karɓi lasisi.

Abin yana kusa da gida

Shin ko kun san cewa babbar makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Nijeriya tana cikin Jihar Kaduna? Ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka fi sani da NCAT. An kafa ta a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin sama na duniya. Daga garin Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, don haka ɗan Kujama zai iya karyawa a gida ya isa ƙofar kwalejin kafin azahar.

Shin ko kun san cewa mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgi a rundunar sojin saman Nijeriya 'yar Kudancin Kaduna ce? Blessing Liman, 'yar asalin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, ta yi karatun tuƙi a kwalejin Zariya, ta shiga rundunar a 2011, aka liƙa mata tambarin fukafukai na matuƙa a 2012. Duk yarinyar da aka ce wa wannan ba aikin 'yan yankinmu ba ne, ta ambaci wannan suna.

Shin ko kun san cewa Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta samu lasisin tuƙin jirgin kasuwanci a Nijeriya, ita ma a Zariya ta yi karatu? Ta karɓi lasisinta a 1981, kuma a 2011 aka naɗa ta shugabar kwalejin da ta horar da ita.

Shin ko kun san cewa marigayiya Tolulope Arotile, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, haifaffiyar Kaduna ce? A makarantun firamare da sakandare na sojin sama da ke Kaduna ta yi karatu, sannan ta yi digiri a fannin Lissafi a makarantar horar da hafsoshi ta NDA. Ta samu fukafukanta a Oktoban 2019, ta rasu a Yulin 2020 tana da shekara 24.

Shin ko kun san cewa a Arewa jirgin sama ya fara tarihi a Nijeriya? A Nuwamban 1925 jirage uku na sojin saman Birtaniya da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Shekara biyu bayan haka, a 1927, layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa, garin ya cika da direbobi da makanikai. Sana'ar sufuri ba baƙuwa ba ce a wannan yanki.

Shin ko kun san cewa a 2017 filin jirgin saman Kaduna ya ɗauki nauyin jiragen Abuja na mako shida? An rufe filin Abuja daga Maris zuwa Afrilu domin gyaran titin saukar jirage, aka karkato da su Kaduna, fasinjoji suna ƙarasawa a mota ko jirgin ƙasa.

Sharuɗɗan shiga

Shin ko kun san cewa ba sai da digiri ake fara koyon tuƙin jirgin farar hula ba? Abin da ake nema a kwalejin Zariya shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan a ci jarrabawar tantancewa da ganawar baki da baki. Ma'ana, hanyar tana buɗewa ko rufewa tun ranar da ɗalibi ya zaɓi ajin kimiyya a babbar sakandare. Makarantar da ba ta da malamin Fiziks ta toshe wa ɗalibanta wannan hanya ba tare da sun sani ba.

Shin ko kun san cewa likita na iya kawo ƙarshen burin tun kafin a taɓa jirgi? Mai son tuƙa jirgin kasuwanci sai ya samu shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar NCAA mai kula da sufurin sama a Nijeriya ta amince da shi. Ana duba ido, da kunne, da zuciya, da hawan jini, da suga, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Takardar asibitin unguwa ba ta wadatarwa, komai kyan asibitin.

Shin ko kun san cewa sa tabarau ba ya hana mutum zama matuƙi? Muddin tabarau ya gyara ganin har ya kai mizanin da ake so, an yarda. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne kasa bambance launuka, musamman ja da kore, domin fitilun titin jirgi da na jikin jirage da alamomin allon matuƙi duk da launi suke magana. Mutane da yawa ba su san suna da wannan matsala ba sai ranar gwaji.

Shin ko kun san cewa Turancin matuƙi ma yana da awo? Hukumar ICAO ta kasa ƙwarewar harshe mataki shida, kuma mai tuƙi tsakanin ƙasashe dole ya kai mataki na huɗu. Ba Turancin rubuta wasiƙa ake aunawa ba. Ana so a ga ko mutum zai ji umarnin hasumiyar filin jirgi ta rediyo mai ƙara, ya maimaita shi daidai, ya kuma bayyana matsala a fili lokacin da hankali ya tashi.

Shin ko kun san cewa akwai hanyar da ba a biyan kuɗin horo? Ita ce ta soja. Wanda ya samu shiga NDA aka ba shi ɓangaren sojin sama, kuma aka zaɓe shi don tuƙi, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, kuma makarantar farko ta koyon tuƙi ta rundunar tana sansaninta na Kaduna. Sai dai dubbai ke nema, guraben kowace jiha kaɗan ne, kuma ba duk hafsan sojin sama ne ke zama matuƙi ba. Wanda ya bi ta nan soja ne kafin komai, da duk abin da rantsuwar soja ta ƙunsa.

Matakan lasisi

Shin ko kun san cewa lasisin tuƙin jirgi hawa-hawa ne? Na farko shi ne na tuƙin kai da kai: shekara 17 da haihuwa, da awa 40 a sama. Mai wannan lasisi zai iya ɗaukar 'yan uwa da abokai, amma doka ta hana a biya shi ko kwabo.

Shin ko kun san cewa lasisin kasuwanci, wanda da shi ake fara cin abinci, yana buƙatar shekara 18 da awa 200 a sama? Ana rage awoyin zuwa 150 ga wanda ya bi cikakken kwas na makarantar da aka amince da ita. A ciki akwai tuƙin dare, da doguwar tafiya ta aƙalla kilomita 540 wadda ɗalibi zai jagoranta da kansa, ya sauka a filaye biyu dabam-dabam.

Shin ko kun san cewa kujerar kyaftin a jirgin fasinja tana buƙatar awa 1,500 da shekara 21? Wannan shi ne lasisi mafi girma. Tsakanin awa 200 na sabon ɗalibi da awa 1,500 akwai tazarar awa 1,300, kuma kusan babu mai iya biyan kuɗinsu daga aljihunsa. Galibi a nan sai an ɗauki mutum aiki a matsayin mataimakin matuƙi yake tara su.

Shin ko kun san cewa hazon hunturu na cikin dalilan da suka sa ake koyon tuƙi da na'ura zalla? Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa ganin ƙasa, da damina kuma hadari kan taso kamar yadda muke gani a kan duwatsun Kagoro. Shi ya sa ake da wata shaida ta musamman ta tuƙi ba tare da duban waje ba, inda ɗalibi ke koyon yarda da allon gabansa ko da jikinsa yana gaya masa wani abu dabam. Babu kamfanin da zai ɗauki wanda ba shi da ita.

Shin ko kun san cewa kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi? Rana, da samfurin jirgi, da inda aka tashi, da inda aka sauka, da tsawon lokaci. A wurin neman aiki, wannan littafi ake fara buɗewa kafin takardun makaranta, kuma ƙarya a cikinsa na iya jawo soke lasisi.

Maganar kuɗi

Shin ko kun san cewa kuɗin cikakken kwas na tuƙi a Zariya ya daɗe da haura naira miliyan 10, kuma ƙaruwa yake yi? A Afirka ta Kudu ko Amurka, inda 'yan Nijeriya da yawa ke zuwa, da kuɗin waje ake biya. Dalilin tsadar a bayyane yake: kowace awa a sama tana cin mai, da ladan malami, da inshora, da kayan gyaran da ake sayowa da dala.

Shin ko kun san cewa man jirgi kansa na iya tsawaita karatu? Tsofaffin ƙananan jiragen horo suna shan wani nau'in fetur na musamman mai tsada da wuyar samu a Nijeriya. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwalejin Zariya ta sayo jirage samfurin Diamond, masu amfani da irin man da manyan jirage ke sha. Rashin mai, ko lalacewar jirgi, ko mummunan yanayi, duk suna iya mayar da kwas na shekara biyu ya zarce haka.

Shin ko kun san cewa lasisin kasuwanci bai isa a tuƙa Boeing 737 ba? Kowane samfurin babban jirgi yana da nasa horon da tasa shaidar, kamar yadda direban tasi ba ya wayar gari ya hau tirela. Wannan ƙarin horo yana cin dubban daloli, kuma shekara da shekaru a ƙasashen waje aka yi ta yin sa. A da kamfanoni ne suka fi biya wa waɗanda suka ɗauka. Yanzu da yawansu sun fi son wanda ya zo da shaidarsa a hannu. A nan ne iyalai da dama ke tsayawa, bayan sun riga sun sayar da fili ko gona.

Shin ko kun san cewa wanda ya yi karatu a waje sai ya mayar da lasisinsa na Nijeriya kafin ya yi aiki a nan? Hukumar NCAA ce ke tantance takardun, kuma akwai jarrabawa da kuɗin da za a biya. A sa wannan a lissafi tun kafin a sayi tikitin tafiya.

Gogayyar neman aiki

Shin ko kun san cewa a Nijeriya ana ƙarancin matuƙa, kuma a lokaci guda matuƙa suna zaune babu aiki? Duka biyun gaskiya ne. Waɗanda ake nema ido rufe su ne kyaftin-kyaftin masu dubban awoyi, har kamfanoni kan ƙwace su daga hannun juna. Waɗanda ke yawo da takardu su ne sababbi masu awa 200. Kamfanonin inshora da masu ba da hayar jirage suna son gogaggu, horar da sabo kuma kuɗi ne da lokaci.

Shin ko kun san cewa Gwamnatin Jihar Kano ta taɓa tura matasa 100 koyon tuƙin jirgi a ƙasar Jodan? A zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso aka yi haka. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun shafe shekaru suna jiran kujera, domin babu shaidar babban jirgi, kuma guraben kamfanoni ba su kai yawansu ba. Darasin na kowace gwamnati ne da kowane mai hannu da shuni da ke son taimakon matasa: a kai yaro har ƙarshen hanya.

Shin ko kun san cewa matuƙin da ba ya aiki kashe kuɗi yake ci gaba da yi? Shaidar lafiya tana ƙarewa bayan shekara guda. Shaidar tuƙi da na'ura ma sai an sabunta ta. Kuma doka ta ce wanda bai tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 ba, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sake gwaji. Zaman jira yana cin ƙwarewa, yana cin aljihu.

Shin ko kun san cewa a Amurka sababbin matuƙa suna tara awoyi ne ta hanyar koyar da na baya da su, da tuƙa ƙananan jiragen kaya da na ɗaukar hoto? A can, bayan hatsarin jirgin Colgan Air a 2009 wanda ya kashe mutum 50, an kafa dokar da ta wajabta awa 1,500 har ga mataimakin matuƙi, ta fara aiki a 2013. A nan ba a buƙatar haka daga mataimaki, amma kuma ƙananan ayyukan da ake tara awoyi da su ba su da yawa.

Shin ko kun san cewa kamfanonin jiragen Nijeriya ba su cika tsawon rai ba? Nigeria Airways, da aka kafa a 1958, ya rufe a 2003. Chanchangi, wanda hedkwatarsa ke nan Kaduna, ya yi tashe ya shuɗe. Haka Okada da Bellview da Sosoliso da Air Nigeria. Duk ranar da kamfani ya durƙushe, gogaggun matuƙansa kan shigo kasuwa, sabon ɗalibi ya ƙara komawa bayan layi.

Shin ko kun san cewa 'yan kasuwar Arewa na cikin manyan masu ɗaukar matuƙa? Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya fara a Kano a 1980. Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya yi suna wajen jigilar alhazai, Azman Air ya fara tashi a 2014, Rano Air kuma a 2023.

Shin ko kun san cewa ba duk jirgin da ke ɗauke da sunan kamfanin gida ne ke ba ɗan gida aiki ba? Akwai hayar da ake yi ta jirgi haɗe da matuƙansa da injiniyoyinsa daga wata ƙasa, musamman lokacin aikin Hajji da bukukuwan Kirsimeti. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta ƙasa, NAAPE, ta sha kokawa kan fifita baƙi a kan 'yan ƙasa.

Shin ko kun san cewa kamfanin Boeing ya yi hasashen duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekara 20? Lissafin na duniya ne baki ɗaya, kuma mafi yawan guraben suna Asiya da Amurka da Turai. Kamfanonin ƙasashen Larabawa irin su Emirates da Qatar Airways suna ɗaukar 'yan Afirka, amma masu awoyi da yawa a manyan jirage. Aikin farko a gida shi ne mabuɗin na waje.

Shin ko kun san cewa mata ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 na matuƙan jiragen fasinja a duniya ba? Indiya ce kan gaba, inda kason ya haura kashi 10. Dokar lasisi ba ta bambanta mace da namiji: awoyi ɗaya, jarrabawa ɗaya.

Bayan an samu kujera

Shin ko kun san cewa jarrabawar matuƙi ba ta ƙarewa? Kusan duk wata shida ana shigar da shi na'urar kwaikwayon jirgi, a kashe masa inji ɗaya, a kunna masa ƙararrawar gobara, a ga yadda zai yi. Wanda ya faɗi ba ya komawa sama sai ya gyara, ko shekararsa nawa a aiki.

Shin ko kun san cewa doka ta ƙayyade awoyin tuƙi? A yawancin ƙasashe ba a wuce kimanin awa 100 a wata da 1,000 a shekara, domin gajiya na kawo kuskure. Shekarar ajiye tuƙin jiragen fasinja tsakanin ƙasashe kuwa 65 ce, kuma daga shekara 60 ana duba lafiya duk wata shida.

Shin ko kun san cewa annobar korona ta nuna yadda aikin ke iya suɓucewa dare ɗaya? A 2020 jirage sun tsaya cik a duniya, kamfanoni a Nijeriya da waje suka sallami matuƙa, wasu aka zaftare musu albashi. Shi ya sa gogaggu ke ba matasa shawarar su riƙe wani ilimi ko sana'a a gefe.

Kafin a ɗaura niyya

Shin ko kun san cewa matuƙi mutum ɗaya ne cikin jerin waɗanda ke sa jirgi ya tashi? Akwai injiniyan da sai ya sa hannu jirgi ke motsawa, da jami'in hasumiya, da mai tsara hanya da lissafin mai, da masanin yanayi, da ma'aikatan cikin jirgi. Kwalejin Zariya tana horar da mafi yawan waɗannan, cibiyar AFIT ta sojin sama a Kaduna kuma tana ba farar hula digiri a fannonin injiniyanci. Kuɗinsu bai kai na tuƙi ba, kuma akwai waɗanda suka fara daga nan suka tara suka koma tuƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ke wannan buri ya riƙe Lissafi da Fiziks da Turanci tun yanzu. Iyaye su fara da gwajin lafiya wurin likitan da hukuma ta yarda da shi kafin su biya kowace makaranta, su tabbatar makarantar tana da amincewar NCAA, su kuma yi lissafin kuɗi har zuwa shaidar babban jirgi. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, da coci-coci da masallatai, da 'yan majalisar da ke raba tallafin karatu, su sani cewa ɗaukar nauyin yaro ɗaya har ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi ya fi tura goma a bar su a rabin hanya. Kwalejin tana jiharmu, 'yan yankinmu sun riga sun bi ta sun fita, saura mu shirya na baya da idonmu a buɗe.